Wai Shi Shuɗi Ne

Litinin, da safe

Yau ma Babba bai zo shago ba. Teburin yanka yana nan yadda ya bar shi, almakashinsa a rataye, tef ɗin awo a naɗe. Teloli sai leƙen ƙofa suke yi, na ce kowa ya koma kan kekensa, ba rasuwa aka yi ba. Ɗana ne na fari, ni na haife shi, ni na koya masa riƙe almakashi a shagon labulen nan, na kuwa san iyakar fushinsa. Zai gaji ya dawo.

Odar labulen wani otal ce kawai a gabana. Tagogi ba iyaka, kuma shi ya je ya yi awon. Ban damu ba.

Litinin, da yamma

Auta ta same ni a falo, ta zauna ta harɗe ƙafa kamar likita, ta ce, "Mama, kin san matsalar? Ke ja ce, Yaya Babba kuma shuɗi ne."

Na duba hannuna, na dube ta. Ashe wani kwas ta yi a waya, na sanin halayen mutane. Wai duk 'yan Adam kala huɗu ne. Ja su ne masu ba da umarni, komai yanzu-yanzu. Rawaya masu surutu da son taro. Kore masu haƙuri, ba sa son rigima. Shuɗi kuwa masu son kaɗaici, ba sa son a zuba musu ido. Na ce madalla, karatu ya yi rana. Ni da na tsufa ina sayar da yadi kala-kala, yau ni za a ɗora a kanta a liƙa wa launi.

Ta ce, "Abin da kika yi masa ranar buɗe sabon shago..."

Na ce me na yi? A gaya mini! Na buɗe shago na biyu, na kafa rumfuna, na yi hayar kujeru da lasifika, na tara mutanen arziki. A gaban kowa na sanar cewa shi ne manajan wurin, na danƙa masa mukullai, na miƙa masa makirfo ya yi godiya. Wace uwa ce ta taɓa yi wa ɗanta wannan gata? Shi kuwa ya tsaya ƙiƙam kamar gunki, gumi na tsiyaya, jama'a na jira. To sai in bar taro ya mutu a hannuna? Na karɓi makirfo na ɗan yi raha, kowa ya yi dariya. Na juyo sai na ga mukullai a kan kujera. Da muka dawo gida jakarsa ma ba ta ɗakinsa.

Wasa ne na yi. Na gaya wa Auta ta tashi ta ba ni wuri da launukanta.

Talata, da azahar

Wayarsa tana shiga, ba ya ɗauka. Ko a jikina.

Laraba, bayan magariba

Malam, uban yaran, yana zaune ya manna rediyo a kunne kamar shi za a tambaya labarin duniya gobe. Na ce, "Malam, wai ka san inda ɗanka yake?"

Ya ce, "Yana lafiya."

"Au, ashe ka sani! Ni ce bare a gidan."

"Ki bar shi ya huce."

Shi ke nan jawabin maigida, ya mayar da rediyo kunne. Auta ta leƙo daga kicin ta ce ai Baba kore ne. Na ce kore ne kuwa, irin na ganyen da ya kwana a ruwa. Sai da na kashe rediyon na riƙe a hannu sannan ya faɗa. Babba ya kama ɗaki kusa da wani gareji, yana taya wani tsoho ɗinkin kujerun mota.

Kujerun mota! Na ba shi ofis mai fanka da kujera mai juyawa, ya zaɓi ya tsuguna cikin baƙin mai yana ɗinke inda mazaunan mutane suka ɓula. Wannan hali ba daga wajena ya ɗebo shi ba, kowa ya san gefen da ya biyo.

Alhamis, da yamma

Na tura ƙanena, kawun yaran, wajen Babba. Na ce kada ya je shi kaɗai, magana tana son shaidu, sai ya ɗebi abokansa biyu da mai gidan da muke hayar shago. Ya dawo yana haki, hula a ƙeya.

"Yaya, an gama! Na kira shi waje, na wanke shi tas. Haƙƙin uwa, nonon uwa, ba abin da na rage. Har makanikai suka ajiye aiki suka zagaye mu suna gyaɗa kai."

Na ce, "Shi me ya ce?"

"Ya ce to."

"Sai kuma me?"

"Sai ya koma ciki. Gobe za ki gan shi, Yaya, ni na gaya miki."

Ya ci abinci kwano biyu ya tafi. Auta ta dafe kai tana cewa an ƙara ɓata lamari, wai shuɗi ba a tara masa jama'a. Na ce da can da ba a san shuɗi ba, da me ake gyara 'ya'ya?

Juma'a, da hantsi

Ban gan shi ba. Ƙanena tun yana yaro bakinsa ya fi aikinsa.

Asabar, da azahar

Na ɗauki sabon mai yanka. Tun daga bakin titi ƙamshinsa ke yin sallama, teloli har sun sa masa Mai Turare. Amma fa akwai baki! "Hajiya ikon Allah! Hajiya uwar marayu!" Kwastoma ta shigo neman labulen taga ɗaya, ya ja ta da hira har ta fita da na gida guda. Ga namiji, ba wanda za ka yi wa tambaya ka tafi kasuwa ka dawo kafin ya amsa ba. Na ce ya koma otal ya sake awo, ya ce ai shi kallo ɗaya yake yi wa taga ya san tsawonta.

Ya kai hannu zai ɗauki almakashin da ke rataye, na ce ya nemi wani. Ba don komai ba, wancan ya dakushe.

Lahadi, da yamma

Matar mai kemis ta zo, wai duba ni. Ta shigo da fuskar ta'aziyya, idonta kuwa yana yawo a kan sababbin kujeruna. Ashe wani mara aikin yi ya ɗauki bidiyon ranar buɗe shago, yana ta zagaye a wayoyi. Ta ce, "Ni dai Hajiya, maganar yarinyar nan da ta fasa aurensa, da kin bar ta a gida."

Na ce ko sunan yarinyar ban kama ba. Kuma wa bai san labarin ba? Unguwa kaf an san abin da ta ce ya sa ta fasa, ni maimaitawa kawai na yi, da 'yar murya don a yi nishaɗi. Ke da kike wannan iyayin, ba a layin gaba kika zauna kina tafa cinya ba? Ta tsuke baki, ta shanye lemona, ta tafi.

An turo mini bidiyon har sau uku. Ban buɗe ba, ina da aikin yi.

Talata, da safe

Na gyara ɗakinsa. Ba abin gyarawa ma, komai a jere kamar ɗakin asibiti. Na sake shimfiɗa zanen gado na fito.

Laraba, bayan la'asar

Na kira Auta na ce ta zo ta ƙara karanto mini shirmen nata, in ji iyakarsa. Ta zo da rawar jiki. Wai shuɗi ba ƙin mutane yake yi ba, taro ne ke gajiyar da shi, kamar yadda ni zaman shiru ke gajiyar da ni. Wai kyautar da za ta faranta mini ita ce za ta ƙuntata masa. Na ce to shi miskilancin fa? Yaron da tun tasowarsa daga "to" sai "a'a" sai "na gode"?

Ta ce, "Haka suke, Mama. Shuɗi ba su cika magana ba."

Na ce, "Da kowa?"

Ta ce, "Halitta ce."

To kun ji. Halitta ce, ba wani ne ya yi masa ba. Na fara ganin amfanin kwas ɗin nan, ko banza ya wanke ni. Da Malam ya shigo na gaya masa, ka ji, ilimi ma ya tabbatar, haka ɗanka ya zo duniya, a daina yi mini kallon mai laifi. Ya dubi Auta, ita kuma ta dubi wayarta.

Sai ta ɓata rawarta da shawara. Wai in je ni kaɗai, in zauna kusa da shi, kada in ce komai, in bari shi ya fara magana. Na ce in jira Babba ya fara magana? Sai dai in tafi da katifa da tukunya.

Alhamis, da azahar

Na san abin da zan yi. Wanda aka ɓata wa rai a gaban jama'a, a gaban jama'a ake wanke shi, wannan ko jariri ya sani. Na sa mai fenti ya rubuta sabon allo da sunansa ɓaro-ɓaro, da "Manaja" a ƙasa. Na yi odar kek. Ban gaya wa kore da 'yar launi ba, kada su sa mini sanyin jiki.

Asabar, da yamma

Ba zan rubuta abin da ya faru yau ba.

Lahadi, da safe

Garejin ma wani wuri ne? Langa-langa da tsummokara, soso a yashe ko'ina, ƙasa baƙi ƙirin. Mun je mota biyu, ni da teloli duka, Mai Turare a gaba yana riƙe da allo, direba yana danna hon. Mutanen layin suka fito, yara suka biyo mu. An yi abin gwanin sha'awa, duk wanda ya gani ya yaba.

Na hango shi, ai na hango shi. Yana durƙushe a kan wata kujera da allura a hannu. Ya ɗago ya gan mu. Wurin ashe yana da ƙofar baya.

Tsohon da ke da garejin ya fito yana goge hannu, wani siriri da shi kamar a hure, ya ce, "Hajiya, nan wurin aiki ne." Ni zai gaya wa wurin aiki! Ina da ma'aikatan da suka fi yawan haƙoran bakinsa. Na ce a ajiye masa allon a nan, ya ce ba su da wurin ajiya. Makanikai suka cinye kek ɗin, ko kunya babu, har da mai neman ƙari.

Yaron ya rame. Ko wa ke dafa masa abinci, oho.

Litinin, da hantsi

Malam bai ce mini komai ba a kan zuwan. Da ma ya yi faɗa, da na san abin da zan mayar masa.

Talata, da yamma

Otal sun dawo da labulensu gaba ɗaya. Kowanne ya ɗage daga ƙasa kamar wandon da yaro ya girme wa. Manajansu ya tsaya a tsakiyar shagona yana tambaya ina wancan mai shiru-shirun da ya zo da farko, wai shi ko ƙusa sai da ya auna. Mai Turare ya buɗe baki zai fara, "Hajiya ikon..." na ce ikon Allah ya fitar da kai daga shagon nan kafin in ƙirga uku. Yadi mai tsada ya tashi a banza, sai dai a yi rigar filo.

A gida Auta ta ce, "Ai da ma rawaya ne, ba sa..." Na ce idan na ƙara jin sunan wani launi a gidan nan, ita da wayar za su kwana a waje.

Laraba, bayan magariba

Malam ne ya kashe rediyo da kansa yau, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce tsohon garejin yana da ɗan'uwa mai irin sana'ar a wani gari mai nisa, kwana ake yi a hanya. Babba ya roƙa a tura shi can, kuma an amince. Asabar zai tafi.

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Shi Babban."

"Da bakinsa?"

Ya mayar da hannu kan rediyo. Na ce ya tafi mana, Allah ya kiyaye hanya, can ma kujerun mutane sun ɓule suna jiransa. Garin da ba wanda ya san shi, ba wanda ya san uwarsa, sai ya ji daɗin yin shirunsa har ya ƙoshi. Na tashi na shiga kicin na wanke kwanukan da Auta ta riga ta wanke.

Alhamis, da safe

Ban damu ba. Kaina ne kawai ke ciwo.

Juma'a, da yamma

Na je, ni kaɗai. Ba don shawarar Auta ba, direba ne ba ya nan. Na sauka tun daga bakin titi na taka da ƙafa, ina ta gaya wa kaina, ki zauna, ki kama bakinki, ki ga ƙarshen ilimin waya.

Kafin in kai ƙofa na jiyo ana ta dariya a ciki. Wani ne ke ba da labarin wani mai mota da ya kawo kujera gyara, wai akuya ce ta cinye soson, shi kuma ya rantse ɓera ne don kada a ce yana ɗaukar awaki a motar ofis. Mai labarin yana kwaikwayon muryar mutumin, ya koma ta matarsa, har kukan akuyar yana yi. Na ce a raina, ji wani sarkin surutu, a nan kuma yaron nan yake samun kaɗaicin? Na tsaya a jikin langa-langa ina jira ya gama, don ni ma labarin ya fara kama ni.

Sai mai labarin ya yi dariya. Irin dariyata ce sak, mai ja da baya kamar shaƙuwa.

Na leƙa ta inda langa-langar ta tsage. Babba ne. Yana zaune a kan tsohuwar kujerar mota, ya baje ƙafafu, hannuwa na yawo a sama, haƙora duk a waje. Tsohon yana share hawaye, makanikai biyu sun riƙe ciki. Magana yake yi tiryan-tiryan, ba in'ina, ba gumi, ya san inda zai tsaya a yi dariya da inda zai ɗora. Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba.

Ya zo daidai inda mai motar ya buɗe but ɗin bayan motar, sai na yi sallama.

Kamar an ɗauke wuta. Ya miƙe tsaye, ya haɗa ƙafafu, hannuwa suka koma baya, kai ya sunkuya. Wannan shi na sani.

"Sannu da zuwa, Mama."

Na ce, "Ci gaba da labarinka, ina ji."

Ya ce, "Ya ƙare."

Makanikai suka zame ɗaya bayan ɗaya, tsohon ya tuna yana da aiki a waje. Na zauna a kan wani benci mai maiƙo da mayafina mai kyau. Na yi shiru kamar yadda aka ce, na yi shirun da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Yana tsaye yana kallon ƙasa. Ƙuda ya zo ya tafi. Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne na ce, "Goben za ka tafi?"

Ya ce, "E."

Ya raka ni har titi, ya tsayar mini da mota, ya buɗe mini ƙofa. Ladabi dai ba a magana.

Asabar, da hantsi

Ya tafi. Malam ne ya kai shi tasha.

Da ya dawo muna zaune a falo, na tambaye shi, kamar ba komai ba, ko ya san wani labarin mai mota da akuya. Tun kafin in rufe baki ya fara murmushi. Daga bayana kuma na ji Auta ta yi 'yar dariya ta ce, "Wanda ya buɗe but..." sai ta haɗiye sauran.

Na juya na dube ta da kyau. Na ce, "Ke ma yana yi miki hira?"

Ta sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?"

"Tun muna yara, Mama."

"To ina halittar? Ina shuɗin da ba ya magana da kowa?"

Ta daɗe tana murza gefen mayafinta. Sannan ta ce, "Launin ya fi sauƙin faɗa."

Malam ya ce in ina so zai ƙarasa mini labarin. Na ce ya bar shi, ba daga bakinsa nake son ji ba.